Askin da Na Yi wa Bargo

Jiya ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki bana, ta tare ni da tambaya: wai me ke cikin kula da kare lokacin zafi da har za a ware masa darasi? Ba ruwa ba ne da inuwa? Na ce mata ta je ta wanke sirinji. Da na tsaya ba ta amsa a lokacin, da na faɗi abin da zai sa ta kai ƙarata. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa.

Ban kai shekara talatin ba, kada ku ɗauka tsohuwa ce ke muku tatsuniya. Amma aikin da zan ba ku labari ya riga ya mutu a Wudil. Shekaru kaɗan ya yi, ya tafi tare da waɗanda suka kawo shi.

Na gama sakandare a shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa. 'Yan ajinmu kowa ofis take nema mai fanka da tarho. Ni ba na iya zaman kujera, sai na karɓi aiki a asibitin dabbobi. Aka haɗa ni da Baba Sallau, wani dattijo ɗan gidan mafarauta daga wajen Lajawa, wanda yake yi wa shanu allura tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, amma in ya kama kunnen saniya zai faɗa maka tana da zazzaɓi kafin ma'aunin zafi ya gama hawa. Ranar farko ya kalli takalmina mai tsini ya ce, “'Yar boko, da wannan za ki shiga Kara?”

Kara ita ce kasuwar shanunmu ta ranar Juma'a, ga waɗanda ba 'yan nan ba. Na ce, “Baba, aiki aka turo ni, ba nunin ƙafa ba.”

Ya ce, “To, baki dai akwai shi. Saura mu ga hannu.”

Wata shida ina bin sa. Na koyi kayar da bijimi da igiya ɗaya, na koyi duba dasashi, na koyi yin shiru in Bafulatani yana lissafa ciwon saniyarsa ko da na riga na gane. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya.

Sai kamfanonin hanya da na gini suka sauka. Aka yi musu kwatas a bayan gari, gidajen katako masu iyakwandishan, janareto na ruri ba dare ba rana. Turawansu suka zo da karnuka irin waɗanda ba mu taɓa gani ba, wasu kamar maraƙi, gashi har ƙasa. Alhazanmu 'yan kwangila suka gani, su ma sai sun saya. Kafin shekara ta zagayo, duk bazara sai an zo asibiti da gudu, kare na mutuwa. Mazan wurin babu mai son taɓawa, kowa ya ce da rigar zai yi salla. Baba Sallau ya iya kare tun yana yaro, amma gwiwa ta hana shi hawa babur. Sai aka ce a ba sabuwa. A gari aka sa mini suna Malamar Karnuka. Innarmu ta kafa ƙusa a zaure, nan nake rataye rigar aiki, in wanke hannu da ƙasa da ruwa kafin in taka tsakar gida. Ban taɓa yi mata musu ba, gidanta ne.

Jakata ba ta da kaya da yawa. Ma'aunin zafi, takunkumi na fata da wani baduku ya ɗinka mini, hantsaki na cire kaska, almakashi, reza, sirinji biyu, gwangwanin man kaɗanya, da buhun algarara guda biyu da nake jiƙawa. Babban kayan aikin kuwa tafin ƙafata ne. Baba ya ce duk gidan da na shiga in cire takalmi in tsaya daidai inda aka ɗaure karen. In na kasa tsayawa har in karanta Fatiha, to shi ma ba zai iya ba. Ku da kuke zuwa da safa da takalmi sau ciki, ban san da me za ku auna ƙasa ba.

Akwai wani Alhaji a Sabon Gari da karensa ya faɗi sau biyu a mako ɗaya. Na je na tarar an gina masa ɗaki na bulo da rufin kwano, an shafe ƙasan da siminti, can ƙarshen gida jikin katangar yamma. Alhaji yana ta nuna mini, wai ko ɗakin direbansa bai kai wannan ba. Ruwan shan karen kuwa a kwanon sarki yake, irin na leburori, a tsakiyar rana. Na ce, “Alhaji, don Allah sa hannunka a ruwan nan.”

Ya sa, ya zare da sauri. Ya ce, “Kai! Wannan ai sai dai a kawo ganyen shayi.”

Na ce, “To shi yake sha. Ɗakin nan kuma tanda ce ka gina masa.”

Kusan duk gidajenmu haka ne. Kare ba ya kusantar inda ake salla, ba a ba shi mazubin da mutum zai sake taɓawa, sai a kai shi kusurwar da babu mai so, a ba shi ƙarfen da babu mai so. Ba mugunta ba ce, tsarki ake kiyayewa. Ni ban taɓa ce wa kowa ya shigo da kare ɗaki ba. Cewa nake a nemi wata kusurwar mai bishiya, a yi rumfar zana, a bar ƙasa yadda Allah ya yi ta. Mazubi kuwa, na je wajen Gwaggo Dije mai ginin tukwane a bakin kogi na ce ta gina mini kasko mai faɗi, mai kauri, da gindi shimfiɗaɗɗe. Da ta ji na kare ne sai ta ajiye yumɓun hannunta.

“'Yar nan, shekara nawa ina gini amare na kai tukwanena ɗakin miji, yau kare ne zai sa baki?”

Na ce, “Gwaggo, shi ma baƙo ne, daga nesa aka kawo shi.”

Ta ce, “To zan yi, amma ba zan yi masa zanen da nake wa nawa ba. Kada a gani a ce aikina ne.”

Haka ta dinga gina mini su ba zane. Ruwa a cikinsu har azahar da sanyinsa.

Bargo karen wani injiniya Bature ne da leburori ke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Karen yana da sunansa na can wanda babu mai iya faɗa, sai aka bi gashinsa aka ce Bargo. Baƙi ne da ruwan ƙasa a ƙirji, in ya tsaya kansa ya kai ƙuguna. Mai Lofe ya ce kakannin karen tumaki suke bi a kan duwatsu masu ƙanƙara. A Wudil kuwa aikinsa kwanciya a gaban iyakwandishan da cin naman gwangwani. Rana bai san ta ba sai ta taga.

Wata ranar Talata a tsakiyar bazara janareton kwatas ya lalace, Mai Lofe kuma yana can wajen aiki. Aka zo aka kira ni. Na tarar da Bargo a kwance a falo, harshe ya zazzago ya yi ja har ya fara duhu, yawu na yauƙi, ido ya kafe. Abin da ya kamata na yi shi. Na ja shi waje cikin inuwa, na jiƙa masa ciki da hammata da matsematsi da tafin ƙafa da ruwan randa. Kukun gidan ya kawo ƙanƙara na ce ya mayar, ƙanƙara rufe zafin take a ciki. Aka yi ta fifita har hakin ya ragu, ya ɗaga kai ya lashi ruwa.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma na kalli wannan tulin gashi, na tuna yadda duk bazara ƙannena ke zuwa wajen wanzami a yi musu kwal-kwabo su dawo suna cewa sun ji iska. Ban tambayi kowa ba. Na sa masa takunkumi, na bi shi da almakashi, na bi da reza. Gashin da na tara ya cika buhu. Da na gama, fatar ta fito fara sol, da ɗan ja-ja kamar ta jariri. Na sa aka ɗaure shi a gindin wata darbejiya da aka dasa ba da daɗewa ba, na ce ya sha iska, na hau babur ina jin na yi aiki.

Maigadin gidan wani Buzu ne, Agali, cikin waɗanda fari ya koro daga arewa. Duk abin nan yana zaune a bakin ƙofa yana kallona ta saman rawani. Zan fita ya ce, “Malama, kin gama?”

Na ce, “Na gama.”

Ya ce, “Kin taɓa zuwa ƙasarmu?”

Na ce ban taɓa ba, kuma sauri nake.

Ya ce, “Can rana ta fi ta nan. Dube ni da kyau. Kin ga inda na bari a buɗe ban da ido?”

Na ce masa shi mutum ne, wannan kare, na tafi.

Kwana biyu ba a gyara janareto ba. Inuwar darbejiyar kuwa ba ta wuce faifai ba, kuma tafiya take. Ranar Alhamis na dawo na tarar bayan Bargo ya yi bororo tun daga wuya har gindin wutsiya, wani wurin fatar ta saluɓe, ƙudaje sun samu wurin zama. Agali ya cire tsohon mayafinsa ya jiƙa ya lulluɓa masa, da ba don haka ba da gawa zan tarar. Mai Lofe ya dawo a ranar. Bai yi mini faɗa ba. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon karen, sannan ya tambaye ni cikin Turanci, “Wa ya koya miki wannan?” Na ce babu. Ya ce, “Na ga alama.”

Baba Sallau shi ya yi faɗan. Ya sa aka kawo shi a motar asibiti, ya buɗe buhun gashin ya ɗebo ya tura mini a fuska. Ya ce, “Duba nan, 'yar boko. Iri biyu ne. Na sama mai tsauri, shi ne rumfarsa. Na ƙasa mai kama da auduga, shi ne ke riƙe zafi. Na ƙasan ake tajewa a fitar, a bar masa na sama. Ke kin zo kin kwashe rufin ɗaki don mai ɗakin ya sha iska.”

Na ce, “To ai ba ka faɗa mini ba.”

Ya ce, “Kin tambaya?”

Wata biyu ina zuwa kwatas kullum da safe. In wanke ciwon da ruwan gishiri, in shafa man kaɗanya, in rufe da tsumma mai tsabta. Da farko in ya hango ni sai ya shige ƙarƙashin tebur. Daga baya ya zama in ya ji ƙarar babur ɗina sai ya zo ya kwanta ya miƙa mini bayan da kansa. Gashin ya ɗauki fiye da shekara kafin ya dawo, kuma a kafaɗar hagu bai taɓa cikewa ba. Na ƙara mataji mai dogayen haƙora a jaka. Rezar kuwa na ba Baba ya yi ta gyaran gemu.

Shekara biyu bayan nan aikin ya yi daɗi. Na san kowane kare a kwatas da Sabon Gari, na san wanda ke cizo da wanda ke kuri. Da asuba nake fita kafin ƙasa ta ɗau zafi, in ƙetare gada masunta na jan taru, iska na tasowa daga ruwa. A kwatas a ba ni shayi da burodi mai man shanu. Maganin da na rubuta yau, jibi ya iso. Bazara guda cur ta wuce ba kare ɗaya da ya mutu a hannuna. Ba wanda ya ba ni lambar yabo, amma Baba ya daina ce mini 'yar boko na kusan mako guda.

Sai shekarar da abin ya tsaya. Aka ce kuɗi sun ƙare. Katafiloli suka yi layi a bakin hanyar da ba a gama ba har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Firjin asibiti ya mutu ba a gyara ba. Kamfanoni suka fara naɗe kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma kare ba ya cikin kayan da ake naɗewa. Wasu suka bar wa kuku, kuku ya saki. Kare da bai taɓa kwana ba iyakwandishan ba, kwana nawa zai yi a bola? Na tsinci biyu a bayan kwatas sun kumbura. Masu tausayi cikin Turawan sai su kira ni in yi allurar da ba a tashi. Na yi wa biyar a wata biyu. Aikin minti uku ne, kuma ba ya buƙatar wanda ya yi sakandare.

Ƙarshen sanyi Mai Lofe ya aiko a kira ni. Ya ce kamfaninsu zai tashi kafin ruwan farko ya sauka, shi kuma wata ƙasa aka tura shi inda ba za a bar shi ya shiga da kare ba. Ya ga abin da ya samu na sauran. Ya ce, “Ba zan bar shi ya mutu a hankali ba. Ranar da zan tafi ki zo da allurarki.”

Na ce, “In ya iya zama ba iyakwandishan fa? In na samu mai riƙe shi?”

Ya cire lofen ya ce, “Ke da kika aske shi?”

Na ce, “Ni ɗin. Shi ya sa na fi kowa sanin abin da ba a yi.”

Ya ce sai ya gani da idonsa. In bai gani ba, maganar allura na nan.

Mako goma nake da su, kuma rana kullum ƙaruwa take. Mun fara da rumfa. Ni da Agali muka kafa ta a gindin wata tsohuwar tsamiya a bayan gidan, zana biyu a sama da tazara a tsakani don iska ta ratsa, gabas da yamma a rufe, kudu da arewa a buɗe. Muka haƙa rami daidai tsawon karen, muka binne gindin fasasshiyar randa a tsakiya, muka cika da yashin kogi. Da hantsi Agali ya zuba bokiti ɗaya, gindin randar ya riƙe ruwan, yashin ya wuni da danshi. Kare ta ciki yake shan sanyi, ba ta baya ba. Ku rubuta wannan.

Makon farko awa ɗaya kawai nake kashe iyakwandishan da safe. Na biyu har hantsi. Na uku na fito da shi rumfa. Ya tsaya yana kallon ramin kamar an ce ya shiga kabari. Agali ya tattare riga ya kwanta a ciki da kansa, ya ce, “Ka gani, ɗan sarki? Haka ake yi.” Kwana uku ana wannan wasan kafin Bargo ya sa ƙafa, ya tona, ya juya sau biyu, ya baje ciki.

Kullum in taje shi har hannuna ya gaji, audugar nan tana fita tsuntsaye na kwasa. Na janye naman gwangwani a hankali, na koma ba shi tuwon dawa da tsala da kan kifi, sau ɗaya, bayan rana ta yi sanyi. Kwana biyu ya ƙi ci. Kuku ya ce zalunci ne. Na ce ya shiga kicin ɗinsa. Da asuba mu yi tafiya a kan yashi don tafinsa ya yi kauri, in dawo in shafa masa man kaɗanya. Kitsen ya fara zubewa, haƙarƙari ya fara nunawa, hakin ya ragu.

A mako na shida na zo da azahar ban tarar da shi a rumfa ba. Yana falo, iyakwandishan na busawa, Mai Lofe na zaune kusa da shi kamar ɓarawon da aka kama. Ya ce yau zafin ya yi yawa, awa ɗaya kawai. Na ajiye jakata a kan teburinsa na buɗe. Na ce, “In haka za ka yi, kada mu wahalar da shi. Ga allurar, a yi yau.” Ya kalle ni, ya tashi ya kashe na'urar da hannunsa. Daga ranar, duk azahar sai ya ɗauko kujera ya zauna a rumfar tare da karen, wuyansa ja kamar gauta, yana sharce gumi. Agali ya ce, “Malama, biyu kike horarwa. Amma mai ƙafa huɗun ya fi saurin ganewa.”

Mai riƙewa ne ya gagara. Alhazai sun ƙoshi da karen Turawa. Mafarauta suka ce wannan ko zomo mai ciki ba zai kamo ba. Baba Sallau ne ya kawo Jauro Iro, wani Bafulatani da rugarsa ke hayin kogi, wanda kura ta dame shi a kan maruƙa. Jauro ya zagaya Bargo sau biyu, ya ce, “'Yar likita, wannan kare ne ko tunkiya?”

Na ce, “Baffa, ka ji haushinsa tukuna.”

Ya ce, “Haushi ba ya kai kare ruga. Ran Juma'a in an sauko masallaci zan kora shanun da ban sayar ba zuwa gida. In ya bi mu da ƙafarsa har can, nawa ne. In ya faɗi, naku ne.”

Na ce, “Bayan Juma'a? Lokacin da ƙasa ke tafasa? A bari mana sai la'asar.”

Ya ce, “Shanuna ba su san la'asar ba. Wanda zai zauna da su, lokacinsu zai bi.”

Juma'a uku na roƙa. Biyun farko na kai Bargo Kara da sassafe don shanun Jauro su saba da warinsa, su daina juyo masa da ƙaho. Ta ukun ita ce ta ƙarshe, don ran Lahadi Mai Lofe zai tashi.

Ranar ko ganye ba ya motsi. Na taje shi da safe, na jiƙa masa ciki, na bar shi ya sha daidai. Da aka sauko masallaci Jauro ya ɗora sanda a kafaɗa ya yi wa shanunsa kira. Na kwance igiyar. Mai Lofe da Baba suna bin mu a mota daga nesa, ni ina ƙasa da jakata, buta a hannu ɗaya, allurar a aljihun jakar. Mun yi da Mai Lofe, in ya faɗi bai tashi ba, a nan zan gama.

Da farko kusa da ni yake tafiya. Muka bar gari, muka shiga gonakin da aka share ana jiran ruwa, ba bishiya sai can da can. Zafin ƙasar ya ratso takalmina. Harshensa ya fito, ya ƙara fitowa. Na ga ya fara ɗaga ƙafa da sauri-sauri. Ya hangi wata ƙaya mai 'yar inuwa ya nufe ta, ya tsaya, ya waiwayo ni. Shanu ba su tsaya ba. Na buɗe butar zan je. Baba ya leƙo ta tagar mota ya daka mini tsawa, “Ke! Tsaya inda kike! Gobe ke za ki bi shi da buta?”

Na tsaya. Ban taɓa jin tsayuwa mai tsawon wannan ba.

Bargo ya kalli shanun da ke nisa, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai ya bi su da ɗan gudu. Akwai wata tsohuwar farar saniya a ƙarshen garken, mai tafiya a hankali. Ya je daidai ita ta ɓangaren gabas, inda inuwarta ta faɗi, 'yar gajeriya da ba ta fi tabarmar salla ba. Ya shige ciki. Ta kaɗa kai, ta huce, ta ƙyale shi. Ya daidaita takunsa da nata. Ta yi sauri ya yi, ta tsaya tsinkar kara ya tsaya. Inda hanya ta karkata, inuwar ta koma ɗaya gefen, sai ya zagaya ta bayanta ya sake shiga.

Jauro ya waiwayo ya ce, “'Yar likita, ke kika koya masa wannan?”

Na ce, “A'a.”

Ya ce, “Na sani. Ba a koyar da shi.”

A mashayar kogi Bargo ya shiga ruwa iya ciki ya kwanta tsakanin ƙafafun shanu, ya sha a hankali. Na duba dasashinsa, ja ne mai kyau. Ya ƙetare da su. Mota ba ta iya bi, Mai Lofe ya cire takalmi ya ratsa ruwan da wandonsa. A ruga Bargo ya zagaya garken maruƙa sau ɗaya yana sansana, ya samu gindin wata kuka, ya tona ƙasa har ya kai mai sanyi, ya baje. Mai Lofe ya durƙusa ya yi masa magana da yarensu, ban ji me ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Matar Jauro ta kawo tsala a sakaina. Da muka juya za mu tafi Bargo ya ɗaga kai ya bi mu da ido. Bai tashi ba. Da rana irin wannan kare mai hankali ba ya barin raminsa.

Ran Lahadi aka rufe kwatas. Agali ya koma arewa da saukar ruwan farko. Da damina ta kankama Jauro ya tashi da rugarsa, aka ce sun yi gabas, daga baya aka ce kudu. Baba Sallau ya taɓa jin labari a Kara cewa akwai wani garke da kura ta daina zuwa, wai suna da baƙin kare mai tabo a kafaɗa. Wanda ya faɗa masa ma ji ya yi.

Yanzu aikina shanu ne da awaki, kamar kowa. Ran Juma'a in garke ya zo wucewa, abokan aiki suna duba tozo da ƙaho da lafiyar fata. Ni sai an yi mini magana sau biyu, don ƙasan cikin shanun nake kallo, ɓangaren da inuwa ta faɗi.